Daga Jika Tara Zuwa Jika 35: Shekaruna a Jardan

Albashina na farko jika tara ne da dala saba'in, kuma cikin gwangwanin madara aka miƙo mini shi, yawancinsa tsaba. Ƙarshen watan Nuwamba ne na 2012. Na zauna bakin gado ina ƙirgawa, mai gidana yana tsaye a ƙofar ɗaki yana dariya, ya ce, "To Madam, yau cefane a wuyanki yake." Ni ma na yi dariya, don lokacin shekarata 20, kuma ban taɓa riƙe kuɗin da gumina ya kawo ba. Ga ƴan uwa na ƙetaren iyaka da ba su saba da lissafinmu ba, jika ɗaya sefa 1000 ce, dala kuma sefa 5.

A Bagalam aka haife ni, cikin garin Maraɗi. Babana tela ne, Inna kuma tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Na samu BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, a 2009, shekarar da ta biyo baya aka yi mini aure, na tare a wata unguwa ta bayan gari wadda a lokacin rabinta gonaki ne. Karatu ya tsaya nan. Da mutanen unguwa suka tashi buɗe jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, irin na al'umma wanda iyaye ke ɗaukar nauyinsa, sai aka shiga neman macen da ta yi lakwal, wato makarantar boko, aka ce ai ga matar wane tana da takarda. Horon kwana 12 aka yi mana, ni da wata, aka ba mu akwatin kayan wasa, aka kafa rumfar zana a filin da mai unguwa ya ba da aro. Shi ke nan na zama Tanti.

Sharaɗin shi ne kowane yaro dala ɗari a wata. Yara 60 muka rubuta, ke nan a takarda jika 30 ne mu raba mu biyu. A takarda fa na ce. Wani uban ya ce sai ya sayar da wake, wata uwar ta ce mijinta ya tafi cirani, wani yaron maraya ne, wa zai iya kallon idonsa ya kore shi? Watan da abin ya yi kyau mu haɗa jika 20. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa, hutu ne, babu yara, babu ko dala. Kuma a nan ne hatsi ke tsada, a nan ne zazzaɓin damina ke kwantar da yara.

Wanda bai taɓa zama da yara 60 ƴan shekara uku zuwa biyar ba yana ɗauka wasa muke yi. Har cikin dangina akwai mai ce mini "raino ne fa kawai". Bari in faɗa muku abin da ke cikin rainon. Ƙarfe takwas saura za a fara kawo su, wani yana kuka yana riƙe da zanen uwarsa, wani bai karya ba, wani ya yi fitsari a wando kafin ya iso. Sai kin san wanda ke jin tsoron shiga bayi, da wadda ba ta ji da kunne ɗaya amma iyayenta suna cewa taurin kai ne, da wanda idan ya yi shiru ƙwarai to jikinsa ne ya yi zafi. Da murafun kwalba muke koyon ƙirga. Da yumɓun da muke ɗebowa daga bakin Gulbi muke ƙera shanu da tukwane, kuma ba don nishaɗi kaɗai ba: yatsun da suka saba murza yumɓu su ne ke iya riƙe alli idan an shiga ajin CI, wato ajin farko na firamare. Muna waƙa da Hausa, muna tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, muna sa musu ƴan kalmomin Faransanci a kunne don kada ranar farko ta firamare ta zo musu kamar an jefa su rijiya. Malaman CI na unguwarmu sun sha gaya mini cewa tun makon farko suke gane yaron da ya biyo ta jardan, domin ya san zama, ya san jiran layi, ba ya tsoron buɗe baki gaban babba. A ƙasarmu kuwa masu samun wannan gata ba su kai yaro ɗaya cikin goma ba.

Duk wannan ba a koyonsa a kwana 12. Ni sai da na shekara uku kafin in san abin da nake yi. Matsalar kuwa ita ce kafin mace ta kai shekara ukun nan, ta tafi.

Daga 2012 zuwa 2021 na yi abokan aiki bakwai. Ta farko, wadda aka horar da mu tare, ta fi ni iya waƙa nesa ba kusa ba. Ta samu shiga kwantaragi a firamare, inda pekil ɗinta, wato albashin malaman kwantaragi, ya kama jika 75. Ko da yana makara, ina jika 75 ina jika tara? Ban ga laifinta ba, ni na raka ta tasha. Ta biyu aure ya kai ta Tasawa. Ta uku ta gano cewa sayar da atamfa ta WhatsApp na kwana biyu ya fi watanmu. Akwai wadda wata ƙungiya ta ɗauka aikin zagaya ƙauyuka da tambayoyi, ana biyanta a yini abin da muke samu a mako biyu. Sauran ma haka, kowace da hanyarta, kuma babu wadda ta tafi don ta tsani yara.

Abin da manya ba sa gani shi ne yadda tafiyar take a wurin yaro. Akwai wani ɗan yaro, ɗan shekara huɗu, mai in'ina. Wata biyar abokiyar aikina ta uku ta yi tana lallaɓa shi, tana zaunar da shi kusa da ita, har ya fara ɗaga hannu yana ba da amsa. Ranar da ta daina zuwa, ya yi mako guda yana tsayawa a ƙofar rumfa yana duban hanya. Daga nan bakinsa ya rufe. Sabuwar da aka kawo ba muguwa ba ce, ba ta san shi ba ne kawai, sai take ce masa "yi sauri mana". Har ya bar jardan ban sake jin muryarsa a aji ba. Idan na ji ana lissafin malamai kamar buhuna, wai ɗaya ta fita ɗaya ta shiga lissafi ya daidaita, yaron nan nake tunawa.

Duk lokacin da muka yi ƙorafi, amsa ɗaya ce: "Ku yi haƙuri, ladanku yana wurin Allah." A tarurrukan horo kuma a ce mana icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ne tushen ilimi, mu tafa, a ba mu kuɗin mota mu koma. Ban raina lada ba, Allah Ya sani. Amma wata rana na ce wa ɗaya daga cikin dattawan kwamitin iyaye, "Baba, malamin allo ai shi ya fi kowa lada, amma kakanninmu sun yanka masa kuɗin Laraba. Me ya sa ba su ce masa ya jira lahira ba?" Ya yi murmushi ya ce bakina ya yi kaifi. Bai ba ni amsa ba.

Ni abin da ya riƙe ni a shekarun nan ba wani ƙarfin zuciya ba ne, mai gidana ne. Yana ɗauko kaya daga Katsina ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, gida bai dogara da gwangwanina ba. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, sai wannan ginshiƙin ya girgiza. Ba mu farfaɗo ba korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, kuma a jardan na al'umma idan babu yara babu biya. Na sayar da ƴan kunnena na aure a wannan shekarar.

Sai ranar Litinin, 8 ga Nuwamba 2021. Duk ɗan Maraɗi ya san wannan rana. Gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a cikin gari, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. Watanni bakwai kafin nan irin haka ta faru a Yamai, nan ma ƙananan yara ne. Ina cikin rumfarmu labarin ya iso, na ɗaga kai na dubi zanar da ke samanmu da ƙofa ɗaya tilo da muke da ita, sai ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Kafin azahar iyaye sun kwashe ƴaƴansu, wasu matan ko mayafi babu. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jiha, gwamnati ta hana ajiye yaran jardan a ajin zana. Hukuncin daidai ne, ba ni da ja. Mu dai ba mu da wani ɗaki, don haka jardan ɗinmu ya mutu.

Na koma wurin ƙanwar mai gidana a babbar kasuwa, muna sayar da kayan yara da turare. Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. A wata na farko na samu jika 28. Ba majina, ba kuka, ba bin iyaye bashi. Na yi wa kaina alkawari cewa ni da jardan har abada.

A damina ta 2022 Hajiya ta zo gidana. Ita ce shugabar asusun matan unguwarmu, irin ƙungiyoyin nan na Mata Masu Dubara da aka fara a nan jihar Maraɗi tun 1991, waɗanda yanzu ake koyi da su a ƙasashe da yawa. Innata ma ta daɗe a cikin irinsa. Hajiya ta zauna, ta sha ruwa, ta ce, "Ɗiyata, mun gina ɗaki." Ashe matan sun haɗa kuɗi, maza sun buga tubali, wani ɗan kasuwa ya ba da kwano da ƙofofi biyu. Na ce, "Hajiya, Allah Ya sa albarka, amma ni na bar wannan aiki." Ta ce in bari ta gama. Wata ƙungiya mai aikin ilimi ta zo da tayi biyu: za ta riƙa ƙara wa kowace malamar jardan jika 20 a wata, ta waya, kan abin da iyaye ke bayarwa, sannan za ta ɗauki nauyin wasu daga cikin waɗanda suka daɗe a aikin su yi shekara biyu a makarantar horon malamai, ta biya kuɗin makaranta da na littattafai, da burs, wato kuɗin tallafin karatu, na jika 25 a wata. Sharaɗi ɗaya ne: idan an gama, a dawo jardan a yi shekara uku.

Daren nan ban yi barci ba. Shekarata 30, ƴaƴana huɗu, rabona da benci shekara 13. Mai gidana ya ce, "Ke da kika ce har abada?" Na ce, "Malam, ba aikin na tsana ba, gwangwanin na tsana." Inna ta ce ta ɗauki ƙananan biyu. Na sa hannu.

Mu shida aka zaɓa daga unguwanni da ƙauyukan kewaye. Na zauna aji ɗaya da ƴan matan da na girme su da shekara 12, har akwai wadda ƙanwarta ta bi ta hannuna. Faransancina ya yi tsatsa, lissafi ya gudu, wata uku na farko kullum da ciwon kai nake kwana. Amma akwai wani daɗi da ban zata ba, wato in ji an ba abin da na daɗe ina yi suna. Ashe murza yumɓun nan yana da babi guda a littafi. Ashe yaron da ke maimaita tatsuniya ɗaya sau goma ba ɓata lokaci yake yi ba. Na kuma gano kurakuraina, kamar tilasta wa ɗan shekara uku rubuta harafi tun hannunsa bai nuna ba, don kawai iyaye su ga an cika allo. Wannan ya yi mini ciwo, domin na yi shi shekaru.

Burs ɗin yana shigowa ranar biyar ga wata, ba ya wuce ta. Ban san yadda zan bayyana wa mai albashi abin da wannan ke nufi ba. Jika 25 bai kai abin da nake samu a kasuwa ba, amma na san ranarsa. Na iya ce wa mai shago "ranar biyar", ya ba ni shinkafa ba tare da ya ɗaure fuska ba. Na shiga adashe karo na farko a rayuwata ba tare da tsoron ranar zubi ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka sa wa ƙasa takunkumi, aka sake rufe iyaka, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, masu ba da tallafi da yawa suka dakatar da kuɗinsu. Namu ma ya tsaya. Wata huɗu waya ba ta yi ƙara ba. Ƙarin jika 20 na masu aji ya tsaya shi ma, kuma yarinyar da ta riƙe mini aji ta fara maganar tafiya. Ɗaya daga cikin mu shida ta bar karatun a nan, ba ta dawo ba. Ni asusun mata ne ya ranta mini jika 60, Hajiya ta tsaya mini. Daga baya ƙungiyar ta biya bashin burs, ta cika mana shekarar, amma ta ce ƙarin albashin ba zai ci gaba ba, aikinta ya ƙare. Ban zarge su ba. Na dai koyi cewa kuɗin baƙo, ranar da baƙo ya ɗaura kaya, tare suke tafiya.

Mu biyar muka samu CFEEN, takardar gama makarantar horon malamai, a 2024. A nan ne na ga ramin da ke cikin tsarin. Da ba mu da takarda, ba mu da inda za mu. Yanzu da takarda a hannu, ƙofar firamare a buɗe take, ta makarantun kuɗi ma haka. An ba mu tsani, amma ba a gyara ɗakin da ake so mu zauna ba. Biyu daga cikinmu ko wata shida ba su yi ba suka tafi, duk da sa hannun, kuma babu wanda ya bi su, don mai bin ma ya tafi. Wasu suna cewa sun ci amana. Ni na san ɗaya daga cikinsu mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa biyar, kuma jardan ɗin ƙauyensu jika 11 yake haɗa mata. Wanda zai zage ta ya fara ciyar da gida da jika 11 tukuna.

Ni na koma, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma kafin a buɗe makarantu, wanda a shekarar aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliyar da ta yi wa Maraɗi ɓarna ƙwarai, na je taron asusu na ce ina da magana. Na ce, "Iyayena, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan kuna so in zauna, kada ku ƙara mini godiya, ku gyara mini biya." Aka yi ta ka-ce-na-ce har la'asar. Wata tsohuwa mai sayar da fura ce ta warware mana. Ta ce idan aka ninka kuɗin yaro, dala ɗari biyu a ƙarshen wata dutse ne, amma dala hamsin ranar zubi ba ta fi kuɗin goro ba. Aka tsaya a kan haka: kowace uwa ta kawo dala hamsin ta ɗanta duk mako, ranar taron asusu, a zuba a akwati dabam mai makulli uku, kamar yadda suke yi wa nasu kuɗin. Ni ba na karɓar ko sisi daga hannun iyaye, kuma wannan kaɗai ya sauke mini dutse daga ƙirji, domin babu abin da ke zubar da mutuncin malama kamar bin uban ɗalibinta bashi a bakin masallaci.

Yara 80 muke da su yanzu. Abin da aka tara a makonnin karatu ana raba shi wata 12, ba tara ba. Ni jika 35, mataimakiyata jika 20, ragowar ta rufe gurbin marayu da waɗanda suka gaza. Da kaka kuma iyaye manoma suna kawo tiya-tiya ta hatsi. A damina ta 2025 na karɓi albashi a watan Agusta karo na farko tun da na fara aikin nan. Na riƙe kuɗin ina kallo, har ɗiyata ta ce, "Mama, lafiya?"

Kada wani ya ɗauka an kai gaci. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne, ke nan da takardata da shekaru fiye da goma a aji, ban kai shi ba. Ba ni da fansho, ba ni da lambar ma'aikaci. Idan hatsi ya yi tsada zubi yana raguwa, kuma matan da ke ɗauke da ni su ma da ƙyar suke. Ra'ayina, wanda na faɗa a gaban ansifekta, wato mai duba makarantu, ranar da ya ziyarce mu, shi ne duk mai son ba da burs ga malaman jardan ya fara tambayar abin da za a biya su ranar da suka dawo, kuma wa zai biya idan shi ya tafi. Idan babu amsa, to firamare yake horar wa malamai, ba mu ba. Kuma a bar ƙarin kuɗin ya riƙa hawa da shekaru, ta yadda wadda ta shekara biyar za ta ga bambanci da wadda ta zo jiya. Yanzu kam da sabuwa da tsohuwa duk gwangwani ɗaya ne a yawancin wurare. Ansifekta ya rubuta a littafinsa.

Mataimakiyata shekararta 21, tana da BEPC, tana da hannun yara fiye da yadda nake da shi a shekarunta. Kullum tana tambayata ko burs irin nawa zai sake zuwa. Na kai maganarta gaban asusu, suna duba ko za su iya ɗaukar rabin kuɗin makarantarta a matsayin rance, ta biya da shekarun aiki. Ba a yanke ba tukuna, don kwanon ɗakin ma yana yoyo.

Alkawarina zai cika a 2027. Kwanakin baya mai gidana ya dawo da labarin cewa wata makarantar kuɗi a unguwar Zariya tana neman mai takarda irin tawa, jika 60. Na ce ya bari tukuna. Da Hajiya ta ji, ta aiko a kira ni, ta ce, "Ɗiyata, za ki tafi ne?" Na ce, "Hajiya, shekara ukun nan taku ce, ko kwana ɗaya ba zan rage ba. Abin da ke bayanta kuwa, mu zauna da akwatin a gabanmu mu yi lissafi." Ta yi shiru, sannan ta ce wa jikarta ta je ta gaya wa masu makulli su zo taron Alhamis da wuri.